Uwar Ƙullun Kaka Ta Je Sama Ta Dawo

Ranar da na sauka a Jamus, abu biyu ne ban yarda sun shiga akwati ba: takardun tafiyata, da wani farin ƙyalle da aka ninke aka ɗaure da zare. Jami'in filin jirgi ya sa safar hannu ya warware ƙyallen, ya ga busasshen abu fari-fari ya manne a jiki. Ya sunsuna, ya ja da baya. Na miƙa masa takardar izinin da na yi wata huɗu ina bi ofis-ofis kafin ta fito. Ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa.

"A nan an rubuta wai sararin samaniya za a kai wannan abin."

"Haka muke fata," na ce.

"Mene ne shi?"

"Ƙullun sinasir ɗin kakata ne."

Bai san sinasir ba, kuma na lura ba ya son ya sani. Ya buga hatimi ya ce in wuce.

Sunana Fanna, a Hausari aka haife ni cikin Maiduguri. Kakata, Kaka Bintu, tana suyar sinasir a ƙofar gida tun kafin a haifi mahaifiyata, kuma ba ta taɓa sayen yis ba. Kullum takan rage ɗan ƙullu a gindin ƙwarya, ta zuba shi a cikin na gobe, shi zai tayar da sabon. Wannan ragowar ita muke kira uwar ƙullu. Daga mahaifiyarta ta same ta ranar da aka kai ta ɗaki. Da na shiga jami'a na karanta ilimin ƙananan halittu, sai na ɗauki uwar ƙullun Kaka na yi aikin kammala karatu a kanta. Da na leƙa ta a madubin gwaji, ashe unguwa ce guda: ga yis iri-iri, ga wasu ƙwayoyi masu kawo tsami, kowa yana cin abin da ɗan'uwansa ya rage. Kuma zafin watan Afrilu, wanda ke sa kyanwoyi su kwanta a gindin randa kamar matattu, su ko a jikinsu.

Na rubuta 'yar takarda a kan haka. Wani ƙaramin kamfani a arewacin Jamus ya karanta, ya gayyace ni in yi shekara guda tare da su.

Sana'arsu ita ce aika ƙananan halittu sama. A can inda babu nauyi, kumfa ba ta tasowa, laka ba ta kwantawa, domin babu saman balle ƙasan. Halittu sukan sake hali a irin wannan wuri, kuma kamfanoni da yawa suna zaton za a iya sa su haɗa magani ko abinci da ba a iya yi a ƙasa, a sauko da shi a sayar, ko a ciyar da masu doguwar tafiya. Kamfaninmu ya kama gurbi a cikin wani kumbo, gurbin bai fi kwalin takalmi ba. Akwatin da za a sa a ciki yana ɗaukar zafi, shi ya sa suke neman halittar da zafi bai dame ta ba. Su ciniki suke hange. Ni kuwa tun ina ƙarama nake kwanciya a tabarma a tsakar gida ina raɗa wa taurari sunaye, har Kaka takan ce in ba a ɗaure min ƙafa ba wata rana sai dai a ga takalmina.

Taurarin ne suka fara jawo min. Tun ina gida na kama ɗaki ta hannun wani dillali, saboda ya rubuta cewa daga kan gado ana kallon sama. Bai yi ƙarya ba. Ɗakin a ƙarƙashin rufin bene yake, hawa na biyar, kuma babu inda mutum zai miƙe tsaye sai tsakiyar ɗakin, nan ma sai ya cire ɗaurin ɗankwali. Tagar tana bisa kan gado, faɗinta kamar faifai. Tantabaru biyu ne suke zaune a kanta, don haka abin da nake kallo daga kan gado cikin tantabara ne. In sun tashi sai in ga gajimare mai kalar ruwan wanki. Na kira dillalin, waya ta ce babu mai wannan lamba.

A kwana na uku kewar gida ta kama ni sosai. Ɗakin yana warin danshi da tsohon dankali. Da la'asar na fito da kaskona, na kunna ɗan gawayi, na zuba turaren da Mama ta ɗauro min, na shimfiɗa lafayata a kan kujera tunda babu kabbasa, kwandon da ake kifawa a kan kasko. Na lumshe ido. Hayaƙin ya fara zagaya ɗakin, ni kuma har na fara jin ƙarar keke a layinmu da muryar mai kifi.

Sai wani farin abu da ke manne a rufi, wanda na ɗauka ado ne, ya fasa ihu.

Cikin minti kaɗan kowa na benen yana tsaye a titi cikin yayyafi. Motocin 'yan kwana-kwana biyu suka zo. Wani ƙato cikin hular ƙarfe ya hau, ya sauko riƙe da kaskona nesa da jikinsa kamar ya kamo maciji. Wata tsohuwa daga hawan ƙasa, da kyanwarta a kwando da silifas ɗinta sun jiƙe, ta tsaya a gabana tana zazzaga min Jamusanci. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane duka. Na sunkuyar da kai ina fatan ƙasa ta tsage.

Daga bayana na ji an ja numfashi, an ce da Hausa, "Wannan ai kajiji nake ji. Wace 'yar Barno ce ta fito da mu cikin ruwa?"

Na juya na ga wata mata mai jiki cikin kayan ma'aikatan jinya. Ita ce Anti Saratu. Iyayenta mutanen Biu ne, amma a Bolori ta girma, mahaifinta akawu ne kuma mai hidima a coci. Ta daɗe a Jamus tana aikin asibiti, kuma ashe a hawa na uku take. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "'Yar waye a Maiduguri?" Na faɗa mata. Ta riƙe haɓa. "Mai sinasir ta kusa da masu ɗinkin hula? Ai da kuɗin motata nake saye in tafi makaranta a ƙafa. Share hawayenki, ƙanwata. Nima da na zo, da soyayyen manja na fito da su."

Ta ce a nan in ka yi wa maƙwabta laifi, kati ake rubutawa a tura ta ƙarƙashin ƙofa. Ni ban ga yadda takarda za ta wanke jiƙaƙƙen silifas ba. Na jiƙa ƙyallen Kaka a ruwan ɗumi, na ba shi garin shinkafa, na rufe shi da bargona. Kwana biyu babu motsi. A na uku na ɗaga murfin na tarar da ƙananan idanu sun buɗe a saman ƙullun, ƙamshin ƙofar gidanmu ya bugi fuskata. Na zauna a ƙasa na yi masa sannu da zuwa.

Ranar Asabar na soya sinasir a kicin ɗin Anti Saratu, na bi ƙofa-ƙofa. Tsohuwar mai kyanwa, Gerda sunanta, ta karɓi faranti da yatsa biyu ta rufe ƙofa. Washegari ta hawo har hawa na biyar tana haki, ta dawo da farantin a wanke, ta jawo Anti Saratu ta yi mata tafinta. Wai tana so ta san abin da ya tayar da wannan abin, don ita shekara da shekaru tana gasa burodi ba ta taɓa jin irin wannan tsamin ba.

A gidanmu in mace ta tambayi uwar ƙullu ba a ce mata me za ki yi da ita. Na ɗibar mata a kofi. Na ɗibar wa Anti Saratu ma. Ban sake tunawa da zancen ba.

Ranar Litinin na fara aiki. Shugaban ɗakin gwajinmu Dokta Henrik ne, dogo siriri, mai kirki, amma gaisuwarsa kalma ɗaya ce, kuma yana tafiya yake yin ta. Ranar farko na tambaye shi ya iyali, ya tsaya cak ya ce, "Wani abu ya faru da su ne?" Kafin in taɓa komai aka kai ni wurin lauyar kamfanin, wata mata mai farin tabarau, ta ajiye min takarda mai shafi da yawa. A ciki an ce daga yau uwar ƙullu sirrin kamfani ce, ba za ta fita daga ginin ba, ba za a ba kowa ba, wanda ya saɓa kuma aikinsa ya ƙare. Akwai wani layi da ya tambaya ko wani ɓangare daban yana riƙe da ita. Na yi tunanin kamfanoni da jami'o'i, na ga babu, na rubuta a'a. Ko kusa raina bai kawo min cewa Gerda da kyanwarta ɓangare ne ba. Na kwaso duk ƙullun da ke ɗakina na kawo musu, na wanke kwanon.

Aikin ya yi min daɗi. Mun yi ƙoƙarin raba mutanen unguwar nan ta cikin ƙullu, kowa a kwalbarsa, sai suka ƙi aiki. Mun daskarar da wasu a firiza don ajiya, amma in aka narkar da su rabi ba sa farkawa, ƙullun sai ya kwanta kamar kunu. Dole dai uwar ta zauna da ranta, a cikin wata kwalba a akwatin ɗumi, ana ba ta garin shinkafa kullum. Ni ce mai ba ta. Ina yi ina mata hira a hankali da Kanuri, in babu kowa.

Sanyi ya shigo, rana ta koma faɗuwa tun kafin la'asar ta yi nisa. Na koyi tsayuwa a bakin titi ina jiran koriyar fitila ko da babu mota ko ɗaya. Na koyi cewa in jirgin ƙasa ya ce ƙarfe takwas da minti bakwai, ba wasa yake ba, sai ranar da kike sauri, ranar ce zai makara. Ran Lahadi Anti Saratu takan dawo daga coci ta kira ni mu ci tuwo, ta shimfiɗa min tawul mai tsabta in yi sallah a ɗakinta, mu yi ta lissafa layukan Maiduguri kamar masu bitar karatu.

Aka sa ranar miƙa akwatinmu ga masu kumbo: tsakiyar watan Janairu. Wanda bai kawo nasa ba a ranar, gurbinsa ya wuce, kuma kamfani ƙarami irin namu ba ya samun na biyu da sauƙi.

Ana saura kwana kaɗan Kirsimeti aka manna sanarwa cewa za a rufe ginin har bayan sabuwar shekara, mai son shiga lokacin hutu ya cike fom. Na karanta, na gane. Amma ni na san abin da ake nufi da rufe ofis. A jami'armu ma ana rufewa. Sai ki je ki sami baba maigadi a kan bencinsa, ki gaishe shi, ki tambayi ƙafarsa da ke ciwo, ki ce abu kaɗan za ki duba, ya ɗauko makulli yana mita ya buɗe miki. Fom na mutanen da ba su iya gaisuwa ba ne. Da Dokta Henrik ya tambaye ni, yana saka riga, ko na shirya maganar uwar ƙullu, na ce, "Kada ka damu, kullum zan zo." Ya ce madalla, ya tafi.

Ranar farko ta hutu na zo da garin shinkafata da 'yar ledar dabino ta maigadi. Na manna katina a ƙofa, fitila ta nuna ja. Na sake, ja. Na zagaya ginin sau biyu cikin dusar ƙanƙara ina neman ɗakin maigadi. Babu ɗaki, babu benci, babu buta. Sai wata na'urar ɗaukar hoto a saman ƙofa tana bina da ido. Don kada in bar wata dama, na tsaya a gabanta na gaishe ta da Turanci, na ɗaga mata dabinon.

Na kira Dokta Henrik, wayarsa a kashe. Na aika masa saƙo, nan take amsa ta dawo cewa yana kan dutse da iyalinsa inda babu waya, yana yi wa kowa fatan alheri. Na kira lambar gaggawa da ke jikin ƙofa, wata murya ta ce in danna ɗaya in gobara ce, in danna biyu in ruwa ne ya fashe. Babu lambar da aka ware wa yunwa.

Kwana goma sha ɗaya ina zuwa ina tsayawa a ƙarƙashin tagar ɗakin gwajin. Daga nan ina hango 'yar fitilar akwatin ɗumi tana ci.

Ranar da aka buɗe, tare muka shiga da Dokta Henrik, fuskarsa ta ƙone da rana, yana fara'a. Na buɗe akwatin. Warin ya riga komai fitowa. Saman ƙullun ya yi baƙi da ja-ja, ruwa ya raba gari da tsaki a ƙasa. Muka duba a madubi, babu mai motsi sai baƙin da ba mu gayyata ba. Ya zauna a kujera ya tambaye ni fom. Na ba shi labarin maigadi. Da na gama ya ce, "Saura kwana goma sha biyu. Za a iya aiko da wata daga Najeriya?"

"Izinin wata huɗu ya ɗauka."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce in tafi gida.

A jirgin ƙasa na tuna da kofin Gerda da kwanon Anti Saratu, gabana ya faɗi sau biyu, na farko don murna, na biyu don takardar lauya. In na yi shiru, gurbi ya tafi, shekarata ta tashi a banza. In na faɗa, na tona wa kaina asiri cewa na rubuta a'a a inda amsar e ce, su kore ni. Ta kowace hanya jirgin Maiduguri nake hange, da hannu biyu babu komai.

Anti Saratu ta saurare ni tana yanka albasa. "To, korar ki za su yi don kin yi maƙwabtaka?"

"Haka takardar ta ce, Anti."

"Takardar ta taɓa cin sinasir? Kira kakar taki ki faɗa mata, ni ban iya kallon wannan fuskar taki."

Abin da na fi tsoro ke nan. Na kira wayar Mama, aka kai wa Kaka. Bayan mun gama gaisuwa, wadda a wurin Kaka ba ta ƙarewa sai ta tambayi har tantabarun tagata, na ce mata na kashe uwar ƙullun da ta gada daga mahaifiyarta. Na fashe da kuka.

Ta bari na yi mai isata, sa'annan ta ce, "Ƙawata, wa kika ba?"

"Na'am?"

"Da kika isa can, wa kika ɗibar wa?"

Na faɗa mata.

"To kukan na mene ne? Ɗauki kwano ki je. Sau uku tana mutuwa a hannuna. Da na haifi uwarki, da na yi jinyar ƙafa, da shekarar da ruwa ya shiga mana gida ya tafi da ƙwaryar, ke kina can bautar ƙasa. Duk a maƙwabta na karɓo. Ta ƙarshen har Bolori na aika aka ɗebo min."

"Kaka, ni fa na rubuta a takarda cewa ba ta taɓa yankewa ba tun daga mahaifiyarki."

"Ai ba ta yanke ba. Kina tsammani don kirki nake ba duk wadda ta zo? Ajiya nake yi. Ku da kuka yi boko a ina kuke ajiye taku?"

"A firiza."

"Ta tashi?"

Na ce rabi ne kawai ke farkawa. Na ji tana ba matan gidan labari da Kanuri, suna dariya.

Washegari na sami Dokta Henrik da lauya na faɗa musu komai, ina kallon igiyar takalmina. Lauyar ta buɗe littafinta ta ce, "Mutum nawa ne ke riƙe da ita?"

"A Jamus ko gaba ɗaya?"

Ta cire tabarau ta ajiye.

Na ce a gida dai duk wadda ta taɓa zuwa da kwano, daga Hausari har Bolori, kuma akwai wata amarya da ta tafi da ita Konduga. A Jamus mutum biyu ne. Daga baya ma ashe ba biyu ba ne, don Gerda ta raba wa ƙawayenta na ƙungiyar waƙa, Anti Saratu kuma ta ba wata abokiyar aikinta 'yar Siriya.

Lauyar ta ce yarjejeniya ta karye, kuma ta fara bayanin abin da hakan ke nufi a kaina. Dokta Henrik ya katse ta. Ya ce a yi wannan maganar bayan an miƙa akwati, yanzu a rubuta takardar saye a kai wa Anti Saratu.

Na ce, "Ba a sayar da ita. In ka ambaci saye ma ba za ta bayar ba."

"To yaya ake yi?"

"Mai gidan da tasa ta mutu shi yake zuwa da kwanonsa ya roƙa."

"Ke ba za ki karɓo ba?"

"Ni na sa hannu cewa ta kamfani ce. Kai ne mai gidan."

Ranar Asabar da hantsi Dokta Henrik ya hau hawa na uku da kwat ɗinsa, lauya na biye da jaka. Anti Saratu ta ci ado da atamfa kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ta zaunar da su, ta fara gaisuwa irin ta gida, tana yi da Jamusanci don kada ya ce bai ji ba. Ya sanyi, ya aiki, ya uwargida, ya yara, ya gajiyar dutse, ya mahaifiyarsa, tana raye ko? Duk amsar da ya bayar sai ta ce madalla ta sake ɗauko wata. Ya saci kallon agogo sau ɗaya, ta ce min da Hausa, "Faɗa wa ogan naki in yana sauri ga ƙofa." Ban fassara ba, amma ya sauke hannunsa.

Sai da suka ci sinasir uku-uku da miyar alayyahu, lauyar ta nemi ƙari, sa'annan Anti Saratu ta ce, "To, me ke tafe da ku?"

Ya miƙe tsaye, ya faɗi abin da na koya masa: tamu ta kwanta, mun zo a taimaka mana. Ya fito da wata 'yar roba mai jan murfi daga cikin leda.

Anti Saratu ta dubi robar ta dube ni. "Ƙanwata, shekara nawa ina aikin asibiti? Na san abin da ake zubawa a irin wannan robar. Abincin tsohuwa ba zai shiga nan ba."

Ta ɗauko kwanon silbarta mai murfi, wanda ta zo da shi daga Bolori, ta ɗauraye da tafasasshen ruwa don hankalinsa ya kwanta, ta ɗiba ta rufe, ta miƙa masa da hannu biyu. Lauyar ta turo takarda. Anti Saratu ta ture ta gefe ta ce ita sharaɗinta ɗaya ne kuma ba ya bukatar biro: kwanon aro ba ya dawowa fanko. In abin ya je sama ya dawo, a zubo mata nata a ciki.

Lauyar ta buɗe baki. Dokta Henrik ya ce, "Mun yarda." Haka ya sauka bene rungume da kwanon silba a ƙirji, yana taka matakala ɗaya-ɗaya kamar mai ɗauke da jariri. A hawan ƙasa Gerda ta tare mu da nata kofin, wai ta ji labari. Ita da garin burodinsu take ciyar da tata, har ta yi duhu ta sake ƙamshi. Anti Saratu ta sunsuna ta ce wannan kam ta zama Bajamushiya, sai dai a nema mata fasfo.

Kwana uku muna gwaji. Ta kwanon silba ta fito da mutanenta cif, babu wanda ya ɓace. Muka miƙa akwati ana saura kwana ɗaya.

Maganata kuwa, lauyar ta yi mako biyu tana nazari, ta dawo ta ce abin da rabin unguwa ke da shi ba ya zama sirrin kowa, don haka tun farko takardar ba ta tsaya a kan komai ba. Kamfani zai sayar da akwatin da dabarar ciyarwar da muka ƙera, uwar ƙullu kuwa ta masu ita ce. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka kuma ba ni sabon kati mai buɗe ƙofa ko ranar hutu. Ranar Juma'ar da ta biyo na ga Dokta Henrik yana bin ma'aikata tebur-tebur da ƙananan kwalabe, kowa ya tafi da ɗaya gida. Ya ce sabon tsarin ajiya ne. Da ya zo wucewa ta gabana ya tsaya ya ce, "Ya kakarki?" Ya ma jira amsa.

A allon ofis muka kalli tashin kumbon, da rana tsaka, muna riƙe da kofunan shayi. Bayan 'yan kwanaki hotuna suka fara zuwa daga cikin akwatin. Ƙullun yana numfashi. Kumfar ba ta san inda za ta nufa ba, sai ta tsaya a inda aka haife ta, ƙwallo-ƙwallo a tsakiyar farin ƙullu, manya da ƙanana, babu mai hawa kan wani. Wata biyar na yi a ƙasar ina neman taurari ta tagar tantabaru ban gani ba, sai ga su a cikin ƙullun Kaka. Abokan aikina suna ta aune-aune, ni na manta da biro a hannuna.

Uwar ƙullu ta dawo da ranta. Abin da ta koyo a can har yanzu ana bincike, kuma ba ni da izinin faɗa, wannan karon na karanta takardar da kyau. Da aka gama ɗibar na gwaji, Dokta Henrik da kansa ya mayar da kwanon silba hawa na uku, ba fanko ba. Ni ma na shanya nawa rabon a farin ƙyallen nan.

Da shekarata ta cika na dawo gida. Bayan an watse daga yi min sannu da zuwa, na jiƙa ƙyallen, ya tashi, na kai wa Kaka a ƙofar gida inda take suya. Ta ɗaga murfin ta sunsuna, ta lakata da yatsa ta ɗanɗana.

"Wa yake ba ta abinci a can saman?"

"Inji ne, Kaka."

"Shi ya sa ta rame."

Ta juye ta a cikin ƙwaryarta ta gauraya da muciya, ta ci gaba da suya.

Washegari da safe ina zaune kusa da ita sai ga wata maƙwabciyarmu da kwano a ƙarƙashin lafaya. Suka gaisa har suka gaji, sa'annan ta ce, "Ya Bintu, tawa ta kwana ba ta tashi ba." Kaka ta karɓi kwanon ta ɗiba mata ludayi guda. Na buɗe baki zan faɗa mata inda wannan ƙullun ya je, da kumbo, da kumfar da ta tsaya a tsakiya. Kaka ta riga ni.

"Ki ba ta shinkafa da yawa," ta ce. "Daga tafiya ta dawo."